Yadda Za Ka Mayar da Tsohon Babur Kafe Resa: Jagora Ga Ɗan Koyo

Tambayar ta yi yawa: na ga hoton wani babur mai ƙaramar kujera da doro a baya, hannunsa a ƙasa, an cire masa duk wani tarkace, yaya zan yi nawa ya koma haka? Sunan wannan ƙira kafe resa, kuma samarin Ingila ne suka fito da ita a shekarun 1950 da 1960. Aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a zaure ko gareji, da taimakon mai walda da mai fenti. Abin da ke kashe aikin 'yan koyo shi ne rashin bin tsari. Mutum ya sayo babur yau, gobe ya sa masa injin yanka, bayan wata shida ga ƙarafa a buhu ba wanda ya san inda kowanne yake. Tsarin da nake so ka riƙe shi ne wannan: babur ya tashi, ya tsaya idan an taka birki, sannan a zo maganar kyau.

Zan yi misali da Honda CG125, domin shi na fi ba ɗan koyo shawara.

1. Zaɓen babur

Honda ta fito da CG125 a 1975, kuma ta ƙera shi ne musamman don ƙasashen da ake wahalar da babur ba a cika kula da shi ba. Injinsa silinda ɗaya ne, iska ke sanyaya shi, kuma babu sarƙar taimin a cikinsa, sanduna ne ke tura bawul. Kamfanonin Sin sun kwaikwayi injin sosai, shi ya sa kayansa ba sa wuya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai ba kowane kayan kwaikwayo ne ke shiga daidai ba, don haka ka riƙa tafiya kasuwa da tsohon kayan a hannunka.

Idan abin da ke gidanku tsohon Roadmaster ne na mahaifinka, kuma jikinsa cikakke ne, ina roƙonka kada ka yanka shi. Irin waɗannan sun yi ƙaranci, gyara su yadda suka fito ya fi daraja. Nemi wanda ya riga ya sha jiki, kujera ta yage, madigadi ya lanƙwashe, amma ƙashinsa, wato shasi, lafiya.

Ga abin da za ka duba kafin ka ba da kuɗi. Lambar shasi tana wuyan babur, ta inji tana ƙasan injin ta gefen hagu. Su dace da abin da ke takarda. Tsuguna a bayan babur ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Haska wuyan da tocila, da wurin da ƙafar baya ke haɗuwa da shasi, ka nemi tsagewa ko tsohuwar walda. Taka kik a hankali: ya kamata ka ji yana turjiya. Idan ya sauka sakayau, inji na buƙatar aiki, idan kuma ya ƙi motsi sam, ya kama, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Buɗe tanki ka leƙa ciki.

Gargaɗi: lambar da aka goge ko aka sake bugawa alama ce ta babur ɗin sata. Komai arharsa ka bar shi. A rubuta takardar ciniki da shaidu, ka karɓi duk takardun da ke akwai.

2. Lissafin kuɗi da kayan aiki

Farashi na tafiya da dala, wanda aka faɗa maka watan jiya ba lallai ya kai yau ba. Ka rubuta jerin duk abin da za ka saya, ka zaga kasuwa ka taya, ka tara jimla, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai saboda abin da sai an buɗe inji ake gani. Tayoyi biyu, fenti, aikin walda da gyaran inji su ne masu cin kuɗi. Hannu, fitilu da madubi ba su kai su ba, amma su ne 'yan koyo ke fara saye. Ka bar su sai ƙarshe.

Kayan aiki: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, da soket ɗinsu, sifanar fulogi, filaya, guduma ta roba, ma'aunin tazarar bawul mai siraran ganyayyaki, mitar gwada wuta, injin yanka da gilashin kare ido, ledoji da maka. Ka sayi sukudireban nan da ake bugawa da guduma. Kusoshin murfin inji na baburan Japan sun daɗe a wurin, sukudireba na gama-gari cinye kansu yake yi, kuma kusa ɗaya da kanta ya cinye tana iya cinye maka yini.

3. Tayar da shi kafin ka kwance komai

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Idan ka wargaza babur ɗin da ba ka taɓa jin ƙararsa ba, ranar da ka haɗa ya ƙi tashi ba za ka san ko laifin tsoho ne ko kai ka jawo shi ba.

Fara da baƙin mai. A CG125 akwai babban murfi a ƙasan inji ta hagu, bayansa akwai sifirin da 'yar rariya. Zubar da man, ka wanke rariyar da kananzir, ka duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a jikinta. Mayar da ita yadda ka same ta, ka zuba sabon mai, wajen lita ɗaya, kana dubawa da sandar awo. Ka sayi man babur mai alamar JASO MA. Kulochin babur a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota na zamani kuma suna sa shi santsi.

Sai bawul, kuma inji a sanyaye ake yi. Buɗe murfin kai, juya inji har alamar T da ke jikin magneto, a gefen hagu na inji, ta zo daidai da layinta, a zagayen da duka bawul biyun suke a sake. Tazarar CG125 milimita 0.08 ce, ta shiga da ta fita. Ganyen awo ya shiga da ɗan jan ƙafa. Bawul ɗin da aka matse shi ne ke sa babur wahalar tashi da safe, daga baya ya ƙone.

Sa sabon fulogi, NGK D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Idan tsohon samfuri ne mai kwantak, wato 'yan bakin ƙarfe biyu da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya samu wuta, goge bakin kwantak ɗin ka daidaita shi. Cire kafireto, kwance kwanon ƙasa, fitar da jet biyun, wato 'yan kusoshi masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami, jiƙa su, ka hura su da iska har ka hango haske ta ramin. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe. Jet tagulla ne, ramin zai faɗaɗa, daga nan babur ba zai ƙara zama daidai ba.

Idan ya tashi, kuma birki na kamawa, hau shi na 'yan makonni a unguwa. Lura da hayaƙi. Shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, ringi ko bawul na son aiki. Ji ko giya na fita da kanta, ko kulochi na santsi a hawa. Rubuta komai. Buɗe ƙasan inji ba aikin ɗan koyo ba ne, ka kai wa makanikin da ya san CG, ka zauna kusa da shi ka kalla.

4. Tsara siffa da kwali

Kyan kafe resa a layi ɗaya yake: ƙasan tanki da ƙasan kujera su miƙe ɗoɗar, daidai da ƙasa. Doron kujera ya ƙare wajen saitin tsakiyar tayar baya, kuma kada ya fi tanki tsawo. Cire kujera da madigadin baya, ka yanka kwali ka manna da salatif, ka ja da baya ka kalla, ka ɗauki hoto daga gefe. Canza kwali kyauta ne.

A nan za ka auna abin da mutane da yawa ke mantawa. Cire shokazoba biyun, ka ɗaga tayar baya zuwa inda za ta kai idan sun matse gaba ɗaya, ka tabbata da sauran tazarar yatsa biyu tsakaninta da ƙasan kujera. Hotunan da kake gani na baburan Turai an yi su ne don titi mai santsi. Namu titin akwai ramuka da tudun rage gudu, don haka kada ka sauke babur ƙasa sosai.

Batun hannu, iri biyu ne. Akwai masu kama sandunan shokazobar gaba kai tsaye, akwai kuma hannu guda mai lanƙwasa ƙasa da ke zama a mazaunin na asali. Na biyun ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Ko wanne ka sa, juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka ga babban yatsanka bai matsu da tanki ba. Ka sani kuma idan hannu ya sauka, matakin ƙafa yana nan a gaba, jikinka zai naɗe, baya zai yi ciwo. Ko dai ka mayar da matakan baya, wanda ke buƙatar sabon haɗin giya da birki, ko ka zaɓi hannun da bai sauka sosai ba.

5. Kwancewa

Ɗauki hoton kowane abu kafin ka taɓa shi, musamman hanyar da wayoyi da kebul suka bi. Cire wayar batir ta maras wuta, mai alamar (-), da farko. Juye fetur a jarka a waje, nesa da murhu da janareta. Bi wannan jeri: tanki, salansa, kafireto, wayoyi, sarƙa, inji, ƙafar baya, ƙafar gaba, wuya. Kowane rukunin kusoshi da ledarsa da sunansa. A wuya akwai ƙananan boris a sake, shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka zare, ka ƙirga na sama daban na ƙasa daban. Kada ka zubar da komai sai aiki ya ƙare.

6. Yanka da walda

Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: yanka yana bayan kunnuwan da shokazobar baya ke ratayawa ta sama. Daga nan zuwa gaba, shasi ne ke ɗauke da ranka. Yi alama da maka, auna daga ɓangarori biyu, ka bar ɗan rara, domin ragewa ya fi ƙarawa sauƙi.

Bayan yanka, ana rufe bayan da bututu mai siffar kofaton doki, mai kauri ɗaya da na shasin. Ka gaya wa mai walda ya zura guntun ƙarfe a cikin mahaɗar kafin ya ɗinke, kada ya manna baki da baki kawai. Ka ce masa, “Maigida, a fara ɗiga shi tukuna mu ɗora kujera mu gani.” Idan yankan ya tafi da sandar da ke haɗa ɓangarorin biyu, a sa wata. Nemi wanda ya saba da siririn bututu. Hannun mai ƙera ƙofa yana da nauyi, yana iya huda shi.

Ƙananan kunnuwan da ba a buƙata za ka iya goge su, amma ka duba kowanne da hotonka. Na makunnin fitilar birki, na jikka, da na sandar da ke riƙe birkin baya duk dole su zauna.

Gargaɗi: kada walda ko injin yanka su kusanci lambar shasi. Idan za a yi walda inji na jiki, a cire batir da akwatin CDI, wanda ke ba fulogi wuta. Tanki kuwa, ko ya bushe shekara, tururin fetur na iya fashewa. Sai an wanke shi da ruwa da omo sau da yawa an cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi, kuma gara ka nemi wani tankin da a yi ta faci.

7. Tsatsar tanki

Cire famfon mai ka toshe ramin. Zuba ƙananan notina, ka ƙirga su, ka girgiza sosai, ka juye. Cika tankin da ruwan khal ka bar shi kwana ɗaya ko biyu, ka zubar, ka ɗauraye da ruwan da aka jiƙa garin soda (baking soda) a ciki don ya kashe tsamin, sannan ruwa zalla. Shanya shi a rana nan take, da ya bushe ka zagaya cikinsa da ɗan fetur gauraye da baƙin mai, domin ƙarfen da aka wanke yana sake tsatsa cikin sa'o'i. Sa ƙaramar matatar mai a tiyo tsakanin tanki da kafireto.

8. Ƙafafu, birki da sarƙa

Nan ne kuɗinka ya fi cancantar zuwa. Sabon boris na wuya da na tayoyi, da giris. Riƙe ƙafar baya ka girgiza gefe da gefe, in tana motsi a canza bushin. Shokazobar gaba a canza mata roba da mai, a zuba daidai wa daida a kowace sanda. Idan sandunan sun yi ramukan tsatsa a inda roba ke gogawa, sabuwar roba ma yoyo za ta yi.

Takalmin birki a sa sabo gaba da baya ko da tsohon yana da sauran nama, domin gam ɗinsa yana saki da tsufa, fatar ta ɓalle ta kulle taya. Kada ka hure ƙurar cikin da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, tsofaffin takalma na iya ƙunsar asbesto mai cutar huhu. Kebul na birki, kulochi da totur duk sababbi. Da yake hannu ya sauka, za su yi tsawo, ka nemi gajeru ko ka bi da su ta hanyar da ba su karye ba. Juya kan babur inji na aiki: idan ƙara ta ƙaru da kanta, kebul ɗin totur na ja, gyara kafin ka hau.

Ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa da sifana ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya tana ƙara, sakakkiya tana amo a dushe. Mai ɗaurin ƙafa zai daidaita maka. A jikin taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Kada ka sayi wadda ta tsufa a shago. Ka guji taya mai faɗin da ya wuce ƙima, tana gogar sarƙa, tana kuma sa babur nauyin kwana.

Sarƙa lamba 428 ce, kuma ana canza ta tare da haƙoranta na gaba da na baya. Rufaffen kan makullin sarƙa ya kalli inda take tafiya. Bar mata sassauci kamar santimita biyu. Madigadin gaba kuma ka rage masa tsawo in kana so, amma kada ka cire. Shi ke ɗaure sandunan gaba biyu, kuma da damina shi ke hana taɓo zuwa fuskarka.

9. Wayoyi

Duba ko babur ɗinka mai bolt 6 ne ko 12 kafin ka sayi ko da ƙwan fitila, tsofaffin CG masu 6 ne. Kada ka yanke wayar da ba ka san aikinta ba. Duk haɗi a yi shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, murɗawa da salatif ba ya jure girgiza. Fiyus ya zauna. Siginar LED na buƙatar na'urar ƙyaftawa irin tata, kuma a samfurin da fitilar gaba ke shan wuta kai tsaye daga inji, ƙwan LED zai riƙa rawa ko ya mutu. Oda, sigina, fitilar birki da madubi duk su kasance, ƙananan ma sun isa. Batir za ka iya ɓoye shi a cikin doron kujera, a ɗaure shi da kyau.

10. Kujera, matatar iska da salansa

A yanka gindin kujera daga falange mai kaurin milimita ɗaya da rabi, a ɗaure shi da kusoshi, a ɗora soso mai tauri. Mai laushi yana lotsewa ka zauna a kan ƙarfe. Dukawan Kano za su ɗinke maka ita da fata yadda ba za ka so ta waje ba. Ruwan ƙasa bai kai baƙi ɗaukar zafi a rana ba.

Matatar iska ƙarama mai kama da mazurari tana da kyau a hoto, amma a ƙurar Arewa ina ganinta a matsayin asara. Ƙura na wucewa ta cinye ringi. Ka bar akwatin asali ka fente shi baƙi, ko ka sa matatar soso da ake shafa wa mai, ka riƙa wanke ta. Duk lokacin da ka buɗe hanyar iska ko ta hayaƙi, fetur zai yi wa inji kaɗan, ya riƙa zafi. Hau shi, ka cire fulogi ka duba: ruwan ƙasa daidai, fari fetur ya yi kaɗan, baƙi ya yi yawa. Ƙara girman babban jet mataki ɗaya ɗaya. Salansa kuma a bar mata hanjinta na ciki. Wadda aka fafake tana rage ƙarfin tashi, tana kuma hana maƙwabta barci.

11. Fenti

Kafin fenti, haɗa babur ɗin gaba ɗaya a gwada, domin duk wata walda da huda su ƙare. Sannan a sake kwancewa. Goge da sanfefa daga 180 zuwa 400, wanke maiƙo, fesa fentin ƙasa (firaima), goge da 600 da ruwa, sai launi a sirara sau biyu ko uku. Rufe lambar shasi, mazaunin boris da wuraren da wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurewa a jikin shasi, ke kamawa. Guji ranar da hunturu ya taso da ƙura, da ranar da hadari ya haɗu. Yayyafa ruwa a daɓe kafin a fara.

Fentin gwangwani ya isa shasi, amma fetur na narkar da shi a tanki. Kai tanki wurin mai fentin mota ya rufe shi da mai sheƙi na haɗi biyu. Jikin silinda a bar shi haka ko a sa fenti mai jure zafi a sirara.

12. Haɗawa da gwaji

Bi jerin kwancewa a juye, hotunanka a gabanka. Kusoshin inji a zura su duka tukuna kafin a ɗaure ko ɗaya. Sabon fil a notin tayoyi da sandar birkin baya. Kankare fenti a inda wayar ƙasa ke zama, yawancin fitilun da ke ƙin kamawa bayan fenti daga nan ne.

Tayar da shi a waje, ka duba yoyon mai. Gwada birki kana tura shi da ƙafa kafin ka sa giya. Hawan farko a layin da ba mutane, da hular kwano, a hankali, domin zaman ya canza kuma kan ba ya juyawa kamar da. Bayan kilomita 50 ka bi duk kusoshi da sifana, ka sake duba sarƙa da bawul. Idan an sa sabon ringi ko fistan, kada ka murɗe totur har ƙarshe sai ya yi kilomita 500, sannan ka canza baƙin mai ka sake wanke rariya. Lambar babur ta zauna a baya inda ake karanta ta, da 'yar fitilarta, kuma idan launi ya canza ka je ofishin lasisi a gyara takarda ta dace da abin da jami'an VIO da na kiyaye haɗurra za su gani a hanya.